Kukan Fanbel: Abin Da Ya Kamata Mai Tsohuwar Mota Ya Sani

Sau da yawa ma'aikaci yakan tayar da motarsa da sassafe, sai ya ji wata ƙara mai tsini daga ƙarƙashin bonet, ta ɗan jima ta lafa. Mafi yawa sukan ƙyale ta tun da mota tana tafiya. Alhali kuwa fanbel ne yake ba da sanarwa, watau igiyar robar nan da take ɗauko juyi daga kirankshaf ta kai wa famfon ruwa da na'urar cajin batir. Idan ta tsinke a hanya, ruwan lagireto ya daina zagayawa, batir ya daina samun caji, cikin 'yan mintoci injin ya ɗauki zafin da zai jawo gyara mai cin albashin watanni.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma harhaɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, suna aiki da fanbel mai siffar V. Da gefunansa biyu yake kama ramin fuli, watau faifan ƙarfen da yake hawa. In aka ga ya nutse har yana taɓa ƙasan ramin, to, ko shi ya side ko fulin ya cinye, kuma ɗaurewa ba za ta yi magani ba.

Ƙarar iri biyu ce. Doguwa mai kama da ihu, wadda take tashi sa'ad da aka taka totur ko aka kunna fitilu, alama ce fanbel ya saki yana zamewa. Gajera mai maimaituwa kamar kukan 'yan tsaki ta fi nuna cewa fulayen ba su kan layi ɗaya.

Matakin farko shi ne a kashe injin, a danna tsakiyar fanbel da babban yatsa inda tazara ta fi tsawo. Ya kamata ya lotsa kamar milimita 10 zuwa 13, watau kusan rabin inci. A duba ko ya tsattsage, ko gefunansa sun yi ƙyalli, ko baƙin mai ya jiƙa shi. Daga nan a tayar da injin a fesa masa ruwa kaɗan. Idan ƙara ta ƙaru, sako-sako ne. Idan ta ɗauke ta dawo, a zargi karkatar fuli. Idan ba ta sake ba, a kwance fanbel a juya kowane fuli da hannu. Wanda ya yi gurji ko rawa, boris ɗinsa ya mutu. Mai wannan aiki ya tuɓe babbar riga tukuna, domin fanka ba ta san mai mota ba.

Gwajin layi kuwa ba ya bukatar wani kayan tsada. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko rula a fuskar fulaye biyu, injin yana kashe. In an ga rata a gefe ɗaya, akwai karkata. Galibi sanadin shi ne ƙafar na'urar caji ta lanƙwashe, ko noti ya kwance, ko an sa wata na'urar da ba ta motar ba ba tare da daidaita ta da wasa ba.

A motar Volkswagen Beetle, wadda iska ce take sanyaya injinta, fanbel shi ke juya fankar kanta. Fulinta rabi biyu ne da siraran wasa a tsakani. Cire ɗaya yana ƙara ɗauri. Jar fitilar caji ta kama a hanya, tilas a tsaya nan take.

Har ila yau a guji kurakurai biyu. Na ɗaya, shafa sabulu ko mai: ƙara takan yi shiru, cutar tana nan, mai kuma yana lalata roba. Na biyu, ɗauri fiye da kima, wanda yake kashe boris ɗin famfon ruwa da na na'urar caji. Sabon fanbel yakan miƙe, saboda haka a sake duba shi bayan 'yan kwanaki. Mai doguwar tafiya kuma ya ajiye wani a but tare da sifana.