Wake da Shinkafa a Akwatin Zaɓe: Ƙuri'ar Matasan Haɗeja

Ka zauna a wata majalisar samari a Haɗeja bayan sallar isha'i, ko a teburin mai shayi, ka kasa kunne ga musun siyasa. Saurayi ɗaya zai yabi Kwankwaso saboda tura 'ya'yan talakawa karatu ƙasar waje, can kuma ya ce a Jigawa ba a yi mai aiki kamar Sule Lamido ba, daga ƙarshe ya gaya maka cewa shi fa Umar Namadi Ɗanmoɗi ya dangwala wa a zaɓen gwamna. A zaɓen 2023 waɗannan mutum uku jam'iyyu uku suke. Dattawa kan girgiza kai su ce yaran yanzu ba su da alƙibla. Ni ban ga haka ba. Yaron yana da buƙatu da yawa ne, kuma babu jam'iyyar da ta haɗa masa su a kwano ɗaya.

Alƙaluman shekarar sun nuna alamar haka. Ranar 25 ga Fabrairu, a zaɓen shugaban ƙasa, Tinubu na APC ya samu ƙuri'a kusan 421,000 a Jigawa, Atiku na PDP kusan 386,000, Kwankwaso na NNPP kusan 98,000. Da ƙyar APC ta sha. Mako uku kacal bayan haka, ranar 18 ga Maris, Umar Namadi na APC ɗin ya haura 618,000, Mustapha Sule Lamido na PDP ya tsaya a wajen 368,000, Aminu Ibrahim Ringim na NNPP bai kai 40,000 ba. Tazarar da ba ta wuce 35,000 ba ta koma kusan 250,000. Akwati dai ba ya rubuta shekarun mai ƙuri'a, amma a rajistar INEC ta ƙasa baki ɗaya, 'yan shekara 18 zuwa 34 sun kusa kashi 40 cikin ɗari, saboda haka irin wannan juyi ba ya yiwuwa ba da hannunsu ba. 'Yan siyasa suna da sunan da suke kiran abin: wake da shinkafa. Shi ne kishiyar "sak" ɗin zamanin marigayi Buhari, lokacin da ake dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa ba tare da an tambayi sunan ɗan takara ba.

A ƙasar Haɗeja, abin da ya fi nauyi a zaɓen Maris shi ne maganar ɗan gida. Tun da Janar Babangida ya ƙirƙiro Jigawa a watan Agustan 1991 aka kai hedikwata Dutse, Haɗejawa ke riƙe da abin a zuci, har yau kuwa kiran a ba su jiha bai mutu ba. Mutanen da kakanninsu suka tari Turawa da yaƙi a 1906 ba sa son a ce su ne na baya. Sai ga kujerar gwamna tana ta zagaye su: Ali Sa'ad daga Birnin Kudu, Saminu Turaki daga Kazaure, Sule Lamido daga Birnin Kudu, Badaru Abubakar daga Ɓaɓura. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar, wato Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma, ba su taɓa samun zaɓaɓɓen gwamna ba sai da Namadi, ɗan Kafin Hausa, ya fito. Saurayin da ya sha wahalar layin banki a lokacin canjin kuɗi, ya huce haushinsa a kan APC a Fabrairu, bai ga wani tufka da warwara ba don ya koma mata a Maris. A wurinsa tambayoyi biyu aka yi masa, ya ba da amsa biyu.

Sai kogi. Wanda bai zauna a fadamar Haɗeja ba, ba zai gane yadda ruwa ke shiga siyasa ba. Madatsun Tiga da Challawa da ke jihar Kano sun sauya tafiyar kogin, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, idan damina ta yi ƙarfi sai ambaliya. A 2022 samari ne suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kare gari. Wanda ya kwana a kan jinga yana da ma'auninsa na ɗan takara: wa ya zo, wa ya aiko da buhu, wa ya ɓace sai lokacin kamfe. Alamar jam'iyya ba ta cikin wannan lissafi.

Noman rani ma ya raba ra'ayin mutum ɗaya gida biyu. Matashin da ke noman shinkafa a Auyo ya ji daɗin rufe iyakoki da aka yi a 2019, domin samfarerarsa ta yi daraja. Shi ɗin ne kuma, da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ya rasa yadda zai tayar da injin ban-ruwa. Yana son gwamnati ta sa hannu a farashin taki da mai, amma ta cire hannu daga farashin amfanin gonarsa. Abokinsa mai tuƙa babur a cikin gari kuwa addu'arsa kullum kwanon shinkafa ya sauko. Su biyun majalisarsu ɗaya, kuma duk gwamnatin da ta faranta wa ɗaya sai ta ɓata wa ɗaya.

Ga kuma wayar hannu, wadda ta zama kasuwar ra'ayi. Cikin minti goma yaro zai saurari malamin da ke kare tikitin Musulmi da Musulmi, ya saurari wani malamin da ke cewa a zaɓi cancanta, sannan sojojin baka da 'yan midiya na kowane ɓangare su biyo baya a Facebook da TikTok. Iyayensa sun gaji siyasa ne daga gida, tun NEPU da NPC, zuwa Santsi da Taɓo na PRP, har akan ƙi aure saboda jam'iyya. Shi kuwa ya buɗi ido ya ga manyan da kansu suna sauya sheƙa kamar canza riga: Saminu Turaki ya bar ANPP ya koma PDP yana kan kujerar gwamna. To me zai sa yaro ya yi wa lema ko tsintsiya biyayyar da masu su ba su yi musu ba?

Ba zan ɓoye ba, akwai wake da shinkafar da taliya ce ta dafa ta. Ranar zaɓe ana raba taliya da atamfa da 'yan kuɗi, kuma yunwa ba ta san aƙida ba. Sai dai masu rabon sun fi kowa sanin cewa karɓa daban, dangwalawa daban.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da ake yanke hukunci tun kafin ranar zaɓe. Matashi yana zaɓa ne daga cikin sunayen da wakilan jam'iyya suka fitar a zaɓen fidda gwani, kuma a can ɗin muryarsa ba ta kai ko bakin ƙofa ba. A watan Mayun 2018 an sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Amma a 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10, na gwamna miliyan 50. Ko da rangwamen da aka yi wa matasa, sai ka tambayi ɗalibin da ya gama kwalejin Binyaminu Usman ko jami'ar Kafin Hausa, yana sayar da bandar kifi a kasuwar Haɗeja, kwali nawa zai sayar kafin ya haɗa kuɗin fom.