Kujerar Bayan Mota Ba Ta Ɗaki Ba Ce: Hattara Da Sauya Ta

Duk wanda ya leƙa kasuwar kayan gyaran mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, zai tarar da kujerun mota jibge, an ciro su daga motocin da suka yi hatsari ko waɗanda aka yanka. Mai mota da kushin ɗinsa ya yage, ko wanda yake sha'awar kujerar fata maimakon ta yadi, sai ya zaɓi wadda ta yi masa kyau a ido, ko da ta wata mota ce daban, ya kai wa mai walda ya ce a san yadda za a yi ta zauna. Idan ramukan noti ba su dace ba, a huda sababbi. Idan ƙafa ta yi tsawo, a yanke. Idan ta yi gajarta, a yi mata ƙari. Da yamma mota ta fito fes, kowa na yaba aiki. Abin da ba a lura da shi ba shi ne an taɓa ɗaya daga cikin sassan da ke tsare rai a mota. Kujerar baya da bel ɗinta da ƙasan motar da aka ɗaure ta a kai abu guda ne, tare aka zana su, tare aka gwada su, kuma wanda ya raba su ya rage wa motar kariya ko da idonsa bai nuna masa ba.

Sai an fahimci abin da ke faruwa a lokacin karo kafin a gane nauyin wannan magana. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki abin da ba ya motsi, ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Motar takan tsaya cikin ƙasa da ƙiftawar ido, amma duk abin da ke cikinta yana ci gaba da tafiya da gudun da yake kai har sai wani abu ya tare shi. A irin wannan tsayawa, nauyin kowane abu yakan ninka sau ashirin ko fiye. Mutum mai kilo 70 yakan zama kamar kilo 1,400, wato buhun masara goma sha huɗu a kan kujera ɗaya. Wannan ne ya sa ƙasashen da ke ƙera motoci suka kafa ma'auni. Dokar Amurka mai lamba 207 ta ce dole kujera ta jure ja mai ƙarfin nauyinta sau 20, ta gaba da ta baya, ba tare da ta tsinke daga mazauninta ba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14, wadda Turai ke aiki da ita, tana jan bel ɗin ƙugu da na kafaɗa a lokaci guda, kowanne da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 1,300, don a ga ko wuraren da aka ɗaure su za su riƙe. Ƙa'ida ta 17 kuwa tana sa a ajiye ƙunshi biyu masu kilo 18 kowanne a but, a kwaikwayi karo, a ga ko majinginar kujerar baya za ta hana kaya afka wa fasinja. Kowace kujera ta ci wannan jarrabawa ne a cikin motar da aka yi ta dominta. Da zarar an ɗauke ta an kai wata mota, sakamakon jarrabawar bai bi ta ba.

Dalilin haka yana ƙarƙashin kafet, inda mai mota ba ya dubawa. Faifan ƙarfen da ke ƙasan mota siriri ne ƙwarai, amma a daidai inda notin kujera da na bel suke shiga, kamfani ya ƙara faranti mai kauri ko ya bi da wurin ta kan ƙashin bodi, domin ƙarfin bugu ya bazu cikin motar gaba ɗaya. Wanda ya huda sabon rami taƙi ɗaya daga nan ya ɗaure kujerar a jikin ƙarfen da zai yage nan take. Su kansu notocin ba na kasuwa ba ne, suna da lambar ƙarfi a kansu, irin su 8.8 ko 10.9, kuma noti mara lamba da aka tsinto a gareji yana iya karyewa a inda na asali zai riƙe. Sannan akwai batun yadda bel ke bin jiki. Tun da Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai maɗauri uku a 1959, sirrin aikinsa shi ne ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da tsakiyar kafaɗa. Idan sabuwar kujera ta fi ta asali tudu ko kwari, ko ta matsa gaba, bel ɗin ƙugu yakan hau kan ciki, na kafaɗa ya koma wuya, abin da aka sa don ceto ya zama mai illa ga hanji da laka. A ƙarƙashin kushin kuma akwai ɗan tudu da aka yi da gangan don kada mutum ya zame ta ƙasan bel. Bugu da ƙari, a yawancin ƙananan motoci tankin mai yana daidai ƙarƙashin kujerar baya, da murfin famfon mai da wayoyinsa, ga bututun birki na bi ta ƙasa. Na'urar huda ƙarfe ko wutar walda a wannan wuri ganganci ne. Wasu sababbin motoci ma suna da jakar iska a gefen kujerar baya, wasu masu haɗa fetur da lantarki, kamar Toyota Prius, batirinsu yana nan kusa, da kafar shan iskarsa a gefen kujerar, wadda kushin da bai dace ba zai iya toshewa.

Akwai hatsarin da ya nuna bambancin kujerar kamfani da kujerar ƙari ƙarara. Ranar 6 ga Oktoba 2018, a garin Schoharie na jihar New York a Amurka, wata mota ƙirar Ford Excursion ta 2001, wadda aka yanka aka ƙara mata tsawo aka jera mata benci, ta gangaro daga tudu birki ya ƙi, ta yi karo tana gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Mutum 20 suka mutu: fasinjoji 17, da direba, da mutum biyu da ke tsaye a wurin. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa bencin da aka ƙara sun tsinke daga ƙasan motar, alhali kujerun asali na kamfanin Ford da ke can baya suna nan a ɗaure. Ta kuma gano cewa fasinjojin ba su ɗaura bel ba, domin bel ɗin bencin yana maƙale a ƙarƙashinsu inda hannu ba ya kaiwa. Gaskiya ne birki ne ya jawo hatsarin, kuma gudun ya wuce misali. Amma mota ɗaya ce, bugu ɗaya ne, kujerar da aka zana tare da motar ta riƙe, wadda aka dasa daga baya ta saki. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da masu duba motoci da kayan aiki, ina ga bencin da aka haɗa da ragowar bututun ƙarfe a bakin titi?

Mai ƙalubale zai ce ai ana sauya kujeru kullum kuma suna zama daram, ba huji ba walda. Wannan gaskiya ne, kuma yana da dalili. Kamfanoni sukan ƙera motoci masu suna daban a kan ƙashi ɗaya. Volkswagen Sharan ta farko, wadda direbobinmu ke kira Sharon, da Ford Galaxy ta farko da SEAT Alhambra, duk daga masana'anta ɗaya suka fito a Palmela ta ƙasar Fotugal, inda aka fara aiki a 1995. Haka Pontiac Vibe da Toyota Matrix tagwaye ne, tambari da fuska ne suka raba su. A tsakanin irin waɗannan, kujerar ɗaya takan shiga mazaunin ɗaya ta kulle kamar a gidanta. Sai dai wannan hujja ba ta rushe maganar ba, ƙarfafa ta ta yi, domin abin da ya sa sauyin ya yi kyau shi ne mazaunin bai canza ba. Kuma suna kaɗai ba ya wadatarwa. Daga 2006 kamfanin Ford ya koma ƙera Galaxy a kan nasa ƙashin, don haka Galaxy ta bayan wannan shekara ba 'yar'uwar Sharon ba ce. Ko a ƙira ɗaya, mai but a rufe da mai ƙofar baya sukan bambanta a majingina da makullinta. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kujera ta zauna a ramukan asali, da notocin asali, makullin majingina ya kama, bel ya fito ta inda ya saba, sauyin ya halatta. Idan sai an huda, an yanke ko an yi walda kafin ta zauna, motar ce ke gaya wa mai ita cewa wannan kujera ba tata ba ce.

Inda abin ya fi muni shi ne motocin haya. Ana shigo da bas na ɗaukar kaya, irin su Toyota Hiace, ba taga ba kujera a baya, sai a yanka tagogi a jera benci layi-layi, a matse su don a sami ƙarin layi ɗaya. Motar da kamfani ya yi wa mazaunin mutum bakwai a mai da ita ta tara ko goma, wani lokaci har but a sa wa kushin. A nan direba zai ce, da gaskiyarsa, man fetur ya yi tsada, balas na jiran mai mota, ga kuɗin tasha, idan bai ƙara kujera ba ba zai kai gida da komai ba. Ba a raina wannan kuka. Amma lissafin bai cika ba. Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, a rubuce a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin takardunta, kuma da wannan nauyi aka auna birki da taya da sifirin. Ƙarin layi ɗaya ƙarin kilo ɗari biyu ne ko uku, akasari a bayan tayar baya, inda yake sa gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kamu, taya ta yi zafi a doguwar hanya. Kuɗin da ya shigo ta kujerar yana fita ta taya da birki da shokozoba. Ranar da benci na baya ya tsinke kuwa, ba masu zaune a kansa kaɗai zai illata ba, zai tattaro duk layukan da ke gabansa ya danne su har zuwa kan direban da ya biya kuɗin walda.

Wani kuma zai ce, tunda ba kowa ke ɗaura bel a baya ba, mene ne amfanin damuwa da inda aka ɗaure shi? Amsar ita ce laifi ɗaya ba ya wanke wani. Wani bincike da masana a Japan suka wallafa a mujallar likitanci ta Lancet a 2002 ya nuna cewa idan na baya bai ɗaura bel ba, haɗarin mutuwar na gaba da ya ɗaura nasa yakan ninka kusan sau biyar, saboda jikin na bayan ne ke dukansa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a Nijeriya tun 2003, kuma mutane suna ƙara sabawa. Motar da aka cire wa bel, ko aka binne shi a ƙarƙashin baƙuwar kujera, ta hana har mai niyyar kare kansa. Haka maƙalan ƙarfe biyu da ake kira ISOFIX, na kama kujerar jarirai, waɗanda suka fara fitowa a Golf ta huɗu a 1997, sukan ɓace ko su koma ado idan an sauya kujera. Masu cewa walda ta fi noti ƙarfi kuma su sani, ba ƙarfin ɗinkin ne kaɗai abin dubawa ba, har da abin da aka ɗinka a kansa. Zafin wuta yana raunana siririn ƙarfe, ya ƙone fentin da ke hana tsatsa, bayan damina biyu wurin ya ruɓe ba a sani ba. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuwa, babu mai musun ƙaddara, amma addini bai sallame mu daga riƙo da sababi ba, kuma fasinja amana ne a hannun mai mota.

Saboda haka, wanda kushin ɗinsa ya mutu, hanya mafi aminci kuma sau da yawa mafi arha ita ce ya kai wa masu aikin kushin su sabunta soso da yadi ko fata a kan ƙarfen asali. Idan ƙarfen ne ya lalace, ya nemi kujerar ƙira ɗaya da shekara ɗaya, ya duba ba ta lanƙwashe ba, ya kuma guji bel ɗin da aka ciro daga motar da ta yi mummunan karo, domin bel da ya taɓa ɗaukar bugu ya gama aikinsa. Mai sayen mota ta hannu ya ɗaga kafet ya duba ko akwai sabon huji ko tabon walda. Makanikai da masu walda su riƙa gaya wa mai mota gaskiya ko da zai kai aikin wani wuri. Shugabannin tasha, waɗanda su ne ke ganin kowace mota kafin ta yi lodi, su hana layi ga motar da bencinta ke girgiza, jami'an duba lafiyar motoci kuma su riƙa leƙa ƙasan kujera kamar yadda suke duba taya da fitila. Kai kuma fasinja, kafin ka biya kuɗin mota, kama majinginar kujerar ka jijjiga. Idan ta motsa daga tushe, sauka ka jira wata motar.