Yadda Ɗalibin Likitanci Zai Ƙarfafa Neman Gurbin Ƙwarewa a Tiyatar Ƙashi

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa leƙa sashen gaggawa na babban asibiti ya ga yadda ake shigo da mutanen da suka karye a haɗarin babur ko na mota. Da yawa sai sun fara zuwa wajen mai ɗori, wani lokaci a ɗaure gaɓar tamau har jini ya daina gudana, a kawo su asibiti ƙafa ta riga ta ruɓe, sai yankewa. Likitocin ƙashi sun yi mana kaɗan, guraben horar da su ma kaɗan ne. Saboda haka muke jan hankalin ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni su fara shiri tun suna makaranta.

Na farko shi ne jarrabawa. A Afirka ta Yamma, Kwalejin Likitocin Tiyata ta yankin tana shirya jarrabawar matakin farko, haka ma Kwalejin Likitoci ta Ƙasa a Najeriya da aka kafa a 1979, da takwararta ta Ghana. Jarrabawar ta dogara ne kan ilimin tsarin jiki, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da yadda cuta ke lalata su. Waɗannan darussa ne na shekarun farko a jami'a. Ɗalibin da ya haddace su don ya ci jarrabawar aji kawai zai sha wahala daga baya. Wanda ya fahimci hanyar jijiyoyin hannu da ƙafa tun a ɗakin gawa ya riga ya yi nisa. Asibitoci da dama suna fifita wanda ya zo da takardar cin wannan jarrabawa a hannunsa.

Na biyu shi ne zama kusa da aikin. Idan an tura ka sashen ƙashi, kada ka tsaya a bayan layi. Ka koyi karanta hoton ƙashi, da sa siminti, da ɗinkin rauni, da gane alamun gaɓar da kumburi ya toshe mata jini. Ka riƙe littafin da kake rubuta kowace tiyatar da ka halarta, babban likita ya sa hannu. In da hali, ka nemi zaman koyo na 'yan makonni a wuri kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Igbobi a Legas, ko asibitin Komfo Anokye a Kumasi. Gidauniyar AO Alliance ma tana shirya kwasa-kwasan kula da karaya a ƙasashen Afirka.

Na uku, bincike. Ba sai babba ba. Rahoto kan maras lafiya guda mai larurar da ba kasafai ake gani ba, ko ƙididdigar karayar da aka yi jinya a sashe cikin shekara guda, ya isa farawa, matuƙar an bi ƙa'idar izini da sirrin maras lafiya.

Na huɗu, malami. Takardar shaidar da likitan da ya gan ka kana aiki tsakar dare ya rubuta ta fi ta babban farfesan da bai san fuskarka ba. Zuwa a kan lokaci, da faɗin gaskiya idan ka yi kuskure, da girmama ma'aikatan jinya, duk ana lura da su.

Masu hangen Amurka su sani horon can shekara 5 ne, gasar kuma mai zafi ce. Tun 2022 sakamakon jarrabawar USMLE ta farko ya koma ci ko faɗuwa, don haka makin ta biyu ake dubawa sosai.

Iyaye kuma su yi haƙuri, hanyar tana da tsawo. Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.