Labarin da ke haɗa baƙi a cocin Gwandu da Kalgo

Gwandu gari ne na malamai. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya, nan kuma hubbarensa yake. Kalgo ma ƙasar masarautar Gwandu ce, sai dai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta ƙara jawo mata baƙi. Kirista kaɗan ne a garuruwan nan biyu, kuma galibinsu aiki ko ciniki ko karatu ya kawo su: ɗan sanda daga Zuru, ma'aikaciyar jinya daga Yawuri, Ibo mai shagon kayan babur, ɗan bautar ƙasa da zai tafi baɗi. Ba kaka ɗaya, ba gona ɗaya, ba harshen gida ɗaya. To me ke sa su zama ikilisiya, har su yi wa juna zaman makoki, su haɗa kuɗin asibiti?

A ganina labari ne, fiye da wa'azi. Ɗauki sura ta 29 ta Littafin Farawa, inda Yakubu ya yi wa kawunsa Laban bauta shekara bakwai don ya auri Rahila, aka wayi gari ya ga yayarta aka kai masa, ya sake ɗaukar wasu bakwai. Ga mutane da yawa wannan tsohon tarihi ne. Ga mutumin Zuru kuwa golmo ne sak, wato noman da saurayin ƙabilar Lelna ta can ke yi wa surukansa shekara bakwai kafin a ba shi mata. Wataƙila kakansa ya yi, da fartanya, damina bayan damina. Idan aka karanta wurin a nazarin Littafi Mai Tsarki, shi ne zai yi wa Ibon da ke gefensa bayanin yadda shekara ta shida ke da nauyi, Ibon kuma ya ba shi labarin kuɗin aure a garinsu. Kafin a tashi, kowa ya san wani abu game da gidan ɗan'uwansa wanda gaisuwar bakin ƙofa ba za ta taɓa nuna masa ba.

Da Hausa ake yawan yin wannan hira, kuma Gwandu na da ɗan rabo a tarihin fassarar Littafin zuwa Hausa. A 1853, zamanin Sarki Halilu, Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a Gwandu kan hanyarsa ta Tumbutu. Cikin ayarinsa akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta, Dorugu. Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, inda Dorugu ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi. Daga bakinsa Schön ya kyautata Hausar da ya yi fassarar sassan Littafi Mai Tsarki da ita, kuma labaran sun fito a Magana Hausa a 1885. Cikakken Littafin bai fito da Hausa ba sai 1932, bayan doguwar wahalar Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa. Wato tun farko, mai ba da labari ne ya share wa mai fassara hanya.

Akwai kuma labaran da ba a rubuta ba. A lokacin shaida, ko a taron Zumuntar Mata, mace za ta tashi ta faɗi yadda naƙuda ta zo mata da tsakar dare ba mota, da wanda ya kai ta asibitin Birnin Kebbi. Wannan ba godiya ga Allah kaɗai ba ce. Sanarwa ce, domin daga ranar kowa ya san ƙofar da zai buga. Haka ake tuna katikis ɗin da ya fara tara mutane a ɗakin haya, da waɗanda suka ɗauko bulon ginin coci a ka.

Abin da ke damuna shi ne yadda shaida ke ƙanƙancewa. Yanzu mai tashi yawanci wanda ya samu ne: aiki, mota, haihuwa. Wadda ta yi shekaru tana roƙo shiru, ko wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a Danko-Wasagu ya baro hatsi a rumbu, sai su zauna a kujerar baya suna tafa wa wasu. Alhali littafin da ke hannunsu ya ba Ayuba sura 42, akasarinsu kuka ne da gardama da abokai masu saurin yanke hukunci. Maƙwabcinsu Musulmi ma ya san Annabi Ayuba, ya san Yusufu da rijiya da kurkuku, kuma da ire-iren waɗannan sunaye yake ba su haƙuri idan ya shigo ta'aziyya. Fasto ko Fada da ya ware ko da Lahadi ɗaya a wata don masu labarin da bai ƙare ba zai ji abubuwa game da ikilisiyarsa waɗanda ba su cikin rajista.