Awa uku, tafintoci 14: yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ke lissafin kuɗin magana

Duk watan Satumba muna kallon shugabanni a talabijin suna hawa mumbarin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, 'yan kallo kuma da ɗan abin sauraro a kunne. Muryar da ke fitowa daga wannan abin ta mutum ce mai albashi, yana zaune a ɗan ɗakin gilashi can sama, kuma kowane minti nasa a lissafe yake.

Harsunan aikin Majalisar shida ne: Ingilishi, Faransanci, Sifaniyanci, Rashanci, Sinanci da Larabci. Larabci ne ya shigo daga baya, ranar 18 ga Disamba 1973, kuma ƙasashen Larabawa ne suka ɗauki nauyin kuɗin shekaru ukun farko. Ka ga tun ran farko maganar harshe maganar aljihu ce.

Zama ɗaya awa uku ne, daga 10 na safe zuwa 1, ko daga 3 zuwa 6 na yamma. Domin a yi shi da harsunan nan shida, ana buƙatar tafintoci 14: biyu-biyu a ɗakunan Ingilishi, Faransanci, Sifaniyanci da Rashanci, uku-uku a na Larabci da Sinanci, saboda su suna fassara gaba da baya ne. Kowane tafinta yakan yi minti 20 zuwa 30 sai ɗan'uwansa ya karɓe shi. Wani zai ce wannan ai gata ne. Ni da nake tsayawa gaban aji ina juya darasin Turanci zuwa Hausa don yara su gane, na san yadda kai ke yin zafi, alhali ni ina da damar dakatawa in nemi kalma. Shi tafintan ba ya da ita. Yana saurare yana magana a lokaci guda, kuma abin da ke bakinsa yana iya zama batun iyakar ƙasa ko tsagaita wuta.

To, a nan asarar take shigowa. In an tanadi tafintoci tun ƙarfe 10, wakilai ba su cika zauren ba sai 10 da rabi, an biya kuɗin rabin awar nan a banza. In aka soke zaman da safiyar ranar, an biya duka. Shi ya sa akwai kwamiti na musamman kan tarurruka da ke bin diddigin yadda kowane sashe ke amfani da lokacin da aka ba shi, kuma ma'aunin da aka sa shi ne kashi 80 cikin 100. Wanda ya yi ta faɗuwa ƙasa da haka, sai a tuntuɓi shugabansa a nemi gyara, kamar dai yadda hedimasta ke kiran malamin da ba ya shiga aji kan lokaci.

Sai masu dogon bayani. A babbar muhawara ana roƙon kowane shugaba ya tsaya a minti 15. Roƙo ne, ba doka ba. Fidel Castro na Kuba ya yi awa huɗu da rabi a 1960, Mu'ammar Gaddafi kuma ya yi fiye da awa ɗaya da rabi a 2009.

Amma takarda ma ba ta baya. Kofi Annan, ɗan ƙasarmu Gana, ya bayyana a rahotonsa na gyaran Majalisar a 2002 cewa cikin shekarun 2000 da 2001 an yi zama 15,484, an fitar da rahoto 5,879. Wa zai karanta wannan duka? Ƙasa mai wakilai biyar ko shida a New York ba za ta iya ba. Yanzu akwai iyaka: rahoton da sakatariya ta rubuta kada ya wuce kalma 8,500, wanda ya fito daga kwamitin ƙasashe kuma 10,700. Ƙa'ida ta ce a fitar da takarda makonni shida kafin zama, kuma a fitar da ita cikin harsunan shida a tare, don kada mai jin Ingilishi ya riga mai jin Larabci shiri. Sashe guda ne ke kula da wannan duka a New York, Geneva, Vienna da Nairobi, kuma masu fassararsa suna aiki da wata manhaja mai suna eLUNa da ke tono jimlolin da aka taɓa fassarawa, don kada a yi aiki sau biyu.

Abin da ya fi matse su dai shi ne rashin biyan kuɗin karo-karo kan lokaci. Kasafin yau da kullum na 2025 ya kai kusan dala biliyan 3.7. Kason Amurka kashi 22 ne, na Sin kusan kashi 20, don haka in ɗayansu ya yi jinkiri, kowa sai ya ji a jikinsa. A Oktoban 2019, lokacin da Farfesa Tijjani Muhammad-Bande na Najeriya ke shugabantar Babban Zauren, aljihu ya bushe har aka tsayar da matakala masu tafiya da kansu a hedikwata, aka kuma taƙaita zama bayan lokacin tashi. Ofishin Geneva ma an rufe shi daga ƙarshen Disamba 2023 zuwa farkon Janairu 2024 don rage kuɗin wuta da ɗumama ɗaki. A Maris 2025 António Guterres ya ƙaddamar da shirin UN80, wanda rage kashe kuɗi na cikin manyan manufofinsa.

Ni ban ƙi tsimi ba. A fara zama kan lokaci, a rage tarin rahotannin da ake maimaitawa kowace shekara, wannan kam daidai ne. Inda nake da ja shi ne wanda tsimin ke faɗa wa. In ƙarfe 6 ta yi tafintoci suka tashi, tattaunawa ba ta tsayawa. Ana ci gaba da ita da Ingilishi zalla, kuma sau da yawa a irin waɗannan zaman na bayan fage ake yanke ainihin kalmomin ƙuduri. Wakilin Gana ko Najeriya ba ruwansa. Amma na Nijar, Chadi, Burkina Faso ko Togo, wanda da Faransanci ya yi karatu, dole ya yi ciniki da harshen aro, a gaban wanda aka haifa cikinsa.

Wasu na cewa kwamfuta za ta raba gardama. A fassarar takarda ta riga ta rage wahala, amma har yanzu sai mutum ya bi bayanta ya gyara. A tafinta kuwa, lokacin korona a 2020 ya nuna iyakar na'ura: da aka koma zama ta intanet, muryoyi na yankewa, tafintoci na kukan ciwon kunne, har aka riƙa rage zaman zuwa awa biyu. Kuɗin tafiya ya ragu, lokacin magana ma ya ragu.

Masu tambaya me ya hana Hausa shiga, ga yadda abin yake. Dokar Babban Zauren ta yarda wakili ya yi jawabi da kowane harshe, muddin shi zai kawo mai juya shi zuwa ɗaya daga cikin shidan. Tarayyar Afirka ta amince da Suwahili a matsayin harshen aiki a Fabrairun 2022, bayan Tanzaniya ta nema. Kowane sabon harshe yana nufin ƙarin ɗakin gilashi, da masu fassarar takardu, da makarantar da za ta horar da su, da gwamnatin da za ta sa hannu cewa ita za ta biya.