Daga Ƙaura Namoda Zuwa Madatsar Goronyo

Wanda ya bar Ƙaura Namoda da rani ya nufi arewa, to, ya yi sallama da inuwa. A nan hanyar jirgin ƙasa da ta iso cikin 1929 ta tsaya, daga nan sai mota. Gulbin Gagare yana gefe, amma a watan Maris babu kome cikinsa sai rairayi fari fat, mata suna tono su sami na sha. Kafin a kai Shinkafi ɗorawa da kaɗanya sun fara ja da baya, sun bar fili ga gawo da aduwa da goriba. Iska kuwa ba ta rabuwa da ƙura.

Daga Shinkafi sai Isa, sai Sabon Birni, ƙasar Gobir ke nan. Nan kusa kufan Alƙalawa yake, birnin da aka ci a 1808, Namoda kansa yana cikin mayaƙan. Malaman makaranta su lura da wannan. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi hanyar, har ba mai binta da dare sai wanda ya rasa yadda zai yi.

Sa'an nan a karkata yamma da kudu. Ba zato sai ga ruwa shimfiɗe iyakar ganin mutum, ga masunta cikin jiragensu. Madatsar Goronyo ke nan bisa gulbin Rima, ganuwar ƙasa mai tsawon kusan mil takwas. An gama ta a 1984, ba a buɗe ta ba sai 1992. Da ita ake noman shinkafa da albasa da rani, daga gare ta kuma birnin Sakkwato yake sha.

Abin da matafiyi ba ya gani shi ne, wannan ruwa na gidansu ne. Gagare na Ƙaura da Bunsuru na Zurmi su ne suke haɗuwa su zuba cikin Rima. Ba ruwa kaɗai suke kaiwa ba. Duk gonar da aka sare wa itatuwa, damina takan kwashe ƙasarta ta jibge a gindin madatsar, wurin ajiyar ruwa yana ta raguwa. A daminar 2010 tafkin ya cika maƙil, aka buɗe ƙofofi, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki. A ranin 2018 kuwa hukumar da ke kula da shi ta ce saura kashi goma cikin ɗari, har famfunan Sakkwato suka yi ta ƙafewa.