Daga Tsafe zuwa Makka: Hanyar da kuɗin otal ke bi kafin mai Umara ya samu ɗaki

Ga mai niyyar Umara daga Tsafe, tafiya ba a filin jirgi take farawa ba. Sau da yawa tana farawa ne a tashar mota, da sassafe, da fasfo da takardar otal a cikin jaka, a nufi Gusau domin a samu reshen banki da ke harkar kuɗin ƙasashen waje. Tafiyar ba ta da wani nisa, amma duk mai bin titin da ya haɗa Funtuwa da Tsafe da Gusau a 'yan shekarun nan ya san ba a shigarsa sai da addu'a, kuma ba a son yamma ta yi wa mutum a kai.

A da, maganar masauki ba ta cika damun masu Umara ba. Wasu sai sun sauka Makka suke neman ɗaki a Misfala ko Aziziyya, wasu kuma su raɓa da 'yan uwa mazauna can. Wannan ya sauya tun ranar 10 ga Yunin 2025, lokacin da Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta fara aiki da sharaɗin cewa ba za a ba da bizar Umara ba sai an yi rajistar yarjejeniyar masauki a dandalin Nusuk Masar, a otal mai lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta ƙasar. Wato ɗaki ne a gaba, biza a baya. Shi kuwa ɗaki, musamman na kusa da Harami a goman ƙarshe na azumi, ba a riƙe wa mutum shi da fatar baki. Sai an ga kuɗi.

Yawancin jama'a kamfanin jigila suke bai wa naira, shi ya ji da sauran. Amma akwai masu son su zaɓi otal da kansu saboda tsohuwa da ba ta iya doguwar tafiya, akwai ƙananan ejan da ke haɗa mutum goma ko ashirin daga Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, akwai kuma 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Guwanzu, da masu kai mara lafiya Alƙahira ko Indiya. Duk waɗannan sukan tsinci kansu gaban tambaya ɗaya: ta yaya naira da ke Zamfara za ta zama riyal ko dala a asusun wani otal da ke wata ƙasa?

Me ya sa ba a biya da kati kawai?

Amsar tana cikin tarihin ƙarancin dala. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi gaba ɗaya. Dala 20 ba ta biyan kwana ɗaya a otal mai mutunci a Makka. Sai a Yulin 2025 wasu bankuna suka sanar da dawo da amfani da katin naira a ƙasashen waje, shi ma da iyaka, kuma iyakar ta bambanta daga banki zuwa banki. Mai biyan ɗaki ɗaya na kwana uku zai iya wucewa da kati. Mai biyan ɗakuna biyar na kwana goma ba zai iya ba. Shi ya sa tura kuɗi daga banki zuwa banki ya zama hanyar da ta rage.

Abu na farko da ake buƙata shi ne asusun dala, wanda ma'aikatan banki da abokan hulɗarsu ke kira asusun "dom". A Yunin 2023, watan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sassauta ƙa'idojin irin wannan asusu, ya ba da damar a tura har dala 10,000 a rana daga tsabar kuɗin da aka zuba a ciki. Dalar kuma ko dai a saye ta ta banki bayan cika takardar da ake kira Form A, ko a saye ta wurin 'yan canji. A nan ma akwai abin lura: a Maris na 2024 CBN ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a lokaci guda. Ba duk mai tebur da kalkuleta ba ne yake da izini, kuma banki kan tambayi inda dala ta fito.

Kuɗin ba sa tafiya, saƙo ne ke tafiya

Mutanen da suka saba da taransifa ta waya, a danna a ji alat cikin minti ɗaya, sukan ɗauka haka abin yake da ƙasashen waje. Ba haka ba ne. Babu wata dala da ke tashi daga Gusau ta sauka Makka. Abin da ke tafiya umarni ne, ta hanyar SWIFT, wata ƙungiyar bankuna da aka kafa a 1973 mai hedikwata a Beljiyam, wadda ke haɗa cibiyoyin kuɗi fiye da 11,000 a ƙasashe da yankuna sama da 200.

Bankin Najeriya yawanci ba shi da asusu kai-tsaye a bankin da otal ɗin ke amfani da shi. Yana da asusun dala ne a wani babban banki a New York ko Landan. Can yake aika umarni a cire, shi kuma wannan banki na tsakiya ya miƙa wa wani, har abin ya isa bankin Saudiyya. Kamar dai buhun gero ne da aka ɗora wa mota a Tsafe, aka sauke a Funtuwa, aka sake ɗora wa wata zuwa Kano: kowane ɗan kamasho sai ya ɗebi nasa.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara ba tare da an cuce su ba. A jikin takardar tura kuɗi akwai wani ɗan gurbi mai zaɓi uku, OUR da SHA da BEN. Na farko yana nufin mai turawa ya ɗauki dukkan caji. Na biyu a raba: mai turawa ya biya bankinsa, sauran a cire daga kuɗin a hanya. Na uku a cire komai daga kuɗin. Wanda bai tambaya ba, galibi SHA ake sa masa.

A ɗauki misali. Otal ya ce riyal 3,750 ne kuɗin ɗaki. Riyal a ɗaure take da dala tun 1986, kan 3.75, saboda haka dala 1,000 ke nan daidai. Mutum ya tura dala 1,000 cif, ya koma Tsafe hankali kwance. Bankin tsakiya ya cire, a ce, dala 25. Abin da ya isa otal dala 975 ne, kuma bankinsu zai canza ta zuwa riyal a farashinsa, wanda kan yi ƙasa kaɗan da na hukuma. A littafin otal, wannan baƙo bai cika kuɗi ba. A lokacin da babu cunkoso za su ce ya cika in ya iso. A goman ƙarshe, da wasu ke tsaye da kuɗi a hannu suna neman ɗakin, giɓin riyal ɗari kan iya zama dalilin soke shi. Kuma sake tura dala 25 kaɗai na iya cin cajin da ya kai ita kanta dala 25 ɗin.

Sai maganar ranaku, wadda ita ma ba a cika lissafawa ba. Bankunan Saudiyya suna hutu Juma'a da Asabar. Na Najeriya da na Amurka Asabar da Lahadi. Wanda ya shiga banki a Gusau ranar Alhamis bayan Azahar, a lokacin agogon Makka ya riga ya wuce namu da awa biyu, kuɗinsa na iya kwana uku ko huɗu ba su bayyana ba. Idan otal ya ba da wa'adin sa'o'i 48, lissafi ya riga ya ɓaci tun kafin a sa hannu. Masu wannan harka sun fi son Litinin ko Talata da safe.

Akwai kuma binciken da bankunan tsakiya ke yi wa kuɗin da suka fito daga Najeriya. Daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025 ƙasar tana cikin jerin waɗanda hukumar FATF ta duniya ke sa wa ido kan halasta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci. An cire ta, amma tsantsenin bankuna bai tafi a rana ɗaya ba. Suna mai kama da na wani da ake nema, ko gurbin dalilin biya da aka bari babu komai, ya isa a riƙe kuɗi a aiko da tambaya. Mai asusun kuwa yana Tsafe, inda sabis ɗin waya kan zo ya tafi. Jama'ar jihar ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga.

Asusun wa ake tura wa?

Duk abin da aka faɗa a sama jinkiri ne ko ƙaramar asara. Babbar asara tana nan.

Kuɗin da aka biya da kati, idan aka samu matsala, akwai hanyar kai ƙorafi a nemi banki ya dawo da su. Kuɗin da aka tura ta SWIFT kuwa, da zarar sun shiga asusun mai karɓa, banki sai dai ya roƙa a mayar. Idan mai asusun ya kwashe, shi ke nan. 'Yan damfara sun san haka sarai. Suna buɗe shafin Facebook ko lambar WhatsApp da hoton otal na gaske, wani lokaci da hoton Ka'aba ta taga, su sa farashi mai sauƙi. Waɗanda suka fi ƙwarewa kan kutsa cikin imel ɗin otal ko na kamfani, su jira har an gama ciniki, sannan su aiko da saƙon cewa "an sauya asusu". Takardar ta zo da tambari da komai, lambar asusu ce kaɗai ta bambanta.

Ana iya gane wasu tun daga lambar. Asusun kowane banki a Saudiyya yana da lambar IBAN mai haruffa da lambobi 24, kuma da SA take farawa. Ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da AE, ta Masar da EG, ta Turkiyya da TR. Otal da ke titin Ibrahim Khalil a Makka ya ce a tura wa asusun da ya fara da wasu haruffa dabam, ko asusu mai sunan mutum ɗaya maimakon sunan kamfani, to a dakata. Lambar SWIFT ta bankin ma, mai haruffa 8 ko 11, harafinta na biyar da na shida su ne ke nuna ƙasa. Kiran otal ɗin ta lambar da aka samo daga wani wuri, ba ta jikin saƙon ba, ba ya cin kuɗin katin waya da ya kai na kwanon shinkafa.

Bayan an tura, takardar da ta fi rasit ɗin kanta amfani ita ce kwafin saƙon SWIFT, wanda a banki aka fi sani da MT103. A jikinsa akwai doguwar lambar bin sawu da ake kira UETR, wadda da ita ake gane inda kuɗi suka tsaya. Ita ake aika wa otal, tare da lambar ɗakin da aka kama, domin otal mai ɗakuna ɗaruruwa ba zai gane kuɗin wani Alhaji daga Zamfara da suna kaɗai ba, balle idan ɗansa ne ya tura daga nasa asusun.

Mai Umara yana da ƙarin tambaya guda kafin ya tura ko sisi: shin wannan ɗakin zai shiga Nusuk Masar a ƙarƙashin kamfanin da zai nema masa biza? Ana iya biyan otal na gaske, kuɗi su isa lafiya, amma biza ta ƙi fita saboda yarjejeniyar ba ta cikin tsarin. Kamfanonin da ke da hurumin wannan aiki su ne masu lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON.

Tsohuwar hanya

Duk wannan wahala ce ke sa mutane da yawa komawa ga abin da suka gada. Kakannin da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, suna aikin auduga a Jazira su tara kuɗin jirgin ruwa, ba su san banki ba. Amana suka sani. Har yau akwai Hausawa mazauna Makka da Jidda da za a tura wa ɗan uwansu naira a Kano ko Gusau, su kuma su ƙirga riyal su kai otal a ranar. Babu Form A, babu hutun Juma'a, babu bankin tsakiya. Yana aiki, kuma ƙarya ne a ce ba ya yi. Sai dai babu takarda, hukumomin Saudiyya ba su yarda da tura kuɗi ba tare da lasisi ba, kuma ranar da amanar ta karye babu ofishin da za a je. Sai dai zaure, a gaban dattawa.

Maniyyacin Hajji ta hukumar alhazai ta jiha ya huta da cika takardun nan, domin naira yake biya, NAHCON ce ke tura kuɗin masauki a dunƙule. Amma shi ma bai tsira daga canji ba. A Maris na 2024, waɗanda suka riga suka biya kusan naira miliyan 4.9 an nemi su ƙara kusan miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, saboda naira ta faɗi kafin a kammala sayen dala. Otal ɗin Makka bai ƙara ko riyal ɗaya don su ba, nairar ce ta ragu a hannu.

Haka lamarin yake idan tafiya ta fasa aka nemi a dawo da kuɗi. Ko da otal ya yarda, kuɗin za su biyo hanyar da suka bi da farko, kowane banki ya sake cire nasa, kuma za a iya ɗaukar makonni. Dala 1,000 da ta bar Gusau kan dawo da giɓi sau biyu, kuma darajarta a naira ta ranar da ta dawo ce, ba ta ranar da aka sayar da buhunan wake ko aka kai sa kasuwa don a haɗa ta ba.